Mene ne binciken kasuwa, kuma wa ake tambaya?

Binciken kasuwa shi ne tattara bayani a tsare game da masu saye: su wane ne, me suke saya, nawa za su iya biya, me ya sa suka bar wancan kaya suka koma wannan. Ana yin sa kafin a zuba kuɗi a sana'a, ko bayan an zuba an ga kaya ya ƙi fita. A nan Maraɗi an fi ce masa anketi, amma ba kowace anketi ce binciken kasuwa ba. Ƙidayar jama'a da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ke yi tana neman kowa da kowa. Ita ce a 2012 ta samu mutum miliyan 3.4 a jihar Maraɗi. Rajistar masu karɓar taimako ma daban take. Binciken kasuwa kuwa wani ne ke son yanke shawarar kasuwanci, kamar kamfanin waya da zai fito da sabon tsarin kira, ko banki, ko mai shigo da madara da taliya, sai ya biya a tambayo masa mutane.

Ƴan kasuwarmu sun daɗe da irin wannan aiki. Alhajin da ke tura yaronsa Tasawa ko Dakoro ranar kasuwa ya jiyo nawa tiyar hatsi da ta wake, bayani yake tarawa. Dillalin kara da ke gane daga yawan motocin Najeriya cewa awaki za su yi kuɗi, shi ma haka. Bambancin shi ne na zamani ana rubuta shi, ana yi wa kowa tambaya iri ɗaya, kuma wani zai iya bin sawu ya duba. Hukumar SIMA haka take bin farashin kayan gona a kasuwannin ƙasa. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke shigowa, ta samu cewa tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, don kawai ƴan kasuwa sun samu hanyar jin farashi ba tare da sun hau mota ba.

Ginshiƙin aikin shi ne zaɓen waɗanda za a tambaya, tunda ba a iya zuwa wurin kowa. Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu, amma ba ya yarda da abin da ke baki kawai. Yana cusa hannu har ƙasa ya ɗebo. Yawa ba ya gyara mugun zaɓe. A 1936 wata mujalla a Amurka, Literary Digest, ta samu amsa daga mutum sama da miliyan 2 kan zaɓen shugaban ƙasa, ta ce Roosevelt zai faɗi. Ya ci jiha 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa takarda ta tsinto su ne daga jerin masu tarho da masu mota, wato masu hali, kuma yawancin waɗanda aka aika wa ba su maido amsa ba. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutane ƙalilan ƙwarai idan aka kwatanta ya faɗi wanda zai ci. A 2022 ma binciken ra'ayin jama'a na Afrobarometer, wanda cibiyar bincike ta LASDEL ta gudanar a Nijar, mutum 1,200 ya tambaya a duk faɗin ƙasa, kuma sun isa, saboda an rarraba su tsakanin birni da karkara, maza da mata.

Na tsaya kan wannan ne don abin da ke tashe yanzu a sana'ar shi ne tambaya ta waya da ta intanet. Ta fi araha, ta fi sauri, kuma ba sai an tura yara ƙauyukan Madarunfa ko Gidan Rumji da ke fama da ƴan bindiga ba. Amma wa ke ɗaga wayar? A gidaje da yawa na karkara waya ɗaya ce, tana aljihun maigida. Matar da ke sayen sabulu da magi da man gyaɗa, wadda ita ce ta san wane iri ke kumfa da ruwan rijiyarsu, ba za a ji muryarta ba. In kuma ta Facebook ko WhatsApp aka watsa tambayoyin, an sake tacewa, sai samarin birni masu karatu. Rahoton zai fito da zane-zane masu kyau a ce ga ra'ayin mutanen Maraɗi, alhali ra'ayin wani ɓangare ne.

Zuwa gida-gida ma yana da nasa. Namiji ba ya shiga gidan kulle, don haka tawagar da ba mata a cikinta ta rasa rabin masu saye tun kafin ta fara. Sai kuma abin da mutane ke zato. Mai anketi ta yi sallama, ta zauna bakin tabarma ta ce, "Inna, kamfani ne ya aiko mu, muna son sanin sau nawa kuke sayen madara a wata." Abin da za ta fara ji shi ne, "Ɗiyata, taimako za a kawo?" Shekaru da yawa na rajistar agaji sun koya wa mutane cewa wanda ya rage abin da yake da shi, shi ke shiga jeri, kuma ban ga laifinsu ba. A cikin kasuwa akasin haka ne: mai shago ya ga ana rubutu, ya ɗauka ma'aikatan haraji ne, sai ya ce ciniki babu.

Ga wani kuskure da ke shiga lissafi ba a sani ba. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Inna ta ce tana kashe ɗari biyu, tana nufin jika guda, sefa 1,000. Yaron da ba a horar da shi da kyau ba sai ya buga 200 a tablet. Haka tiya da kilo, haka naira da sefa a garuruwan bakin iyaka irin su Ɗan Isa. Tambayoyin da faransanci ake rubuto su daga Yamai ko daga waje, kuma in ba a zauna an daidaita Hausarsu tun wurin horo ba, kowane mai anketi da irin tasa tambayar zai fita.

Masu anketin nan su ne aka fi mantawa da su, kuma a kansu komai ya rataya. Da yawa matasa ne da suka gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko wasu makarantu, aikin na ƴan kwanaki ne, wani lokaci biyan bisa yawan takardun da aka cika. Wanda aka ɗora wa adadin da rana ba za ta ɗauka ba, ga zafin bazara, ga kuɗin kabu-kabu daga aljihunsa, an buɗe masa ƙofar zama gindin bedi ya cika da kansa. Manhajojin cika anketi irin su KoboToolbox da ODK sun rage wannan, domin suna nuna inda aka tsaya da mintin da hira ta ɗauka. Sai dai a ganina sa ido kaɗai ba ya isa. A biya su da kyau kuma a kan lokaci, a ba su horon da ya wuce yini guda.

Kasuwar Maraɗi kuma ba ta jiran rahoto. Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har Disamban 2020. A Mayun 2023 ta cire tallafin man fetur, farashin man bakin hanya ya tashi a nan. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Binciken da aka yi wata uku kafin ɗaya daga cikin waɗannan ya zama tsohon labari, shi ya sa kamfanoni ke komawa ga gajeren bincike da ake maimaitawa.

Akwai hakkin wanda aka tambaya. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Dole a gaya wa mutum wa ya aiko da abin da za a yi da amsarsa, yana da damar cewa a'a, kuma lambar wayarsa ba ta zama hanyar damunsa da talla ba.

Sabon yayi shi ne ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tunanin mutum (AI). Tana da amfani wajen rubuta hira da tace amsoshi masu yawa, ko da yake Hausarmu ta nan tana ba ta wuya. Wasu kamfanoni a waje har sun fara sa ta ta amsa tambayoyi a madadin masu saye. Wannan ban yarda da shi ba ga wuri irin namu, domin daga rubutun intanet take koyo, kuma mai sayar da aya a Gazawa ba ta taɓa rubuta komai a can ba.

Ƙaramar ƴar kasuwa da ba ta da kuɗin ɗaukar kamfani za ta iya yin nata. In ƙuli-ƙuli ko garin kunu take son sa wa leda da suna, kada ta tsaya ga tambayar ƴan uwa ko ya yi daɗi, don kunya za ta sa kowa ya ce ya yi. Ta kai shago uku a unguwanni daban, ɗaya kusa da tasha, ɗaya kusa da makaranta, ɗaya cikin gari, ta gwada ƙulli babba da ƙarami, ta rubuta abin da ya fita kowane mako da wanda ya dawo ya sake saye.