Na'urar Ɗumama Jarirai Daga Sama

Na'urar ɗumama jarirai buɗaɗɗen gado ne mai hita a samansa, wadda ke sauko da zafi kai tsaye kan fatar jariri, kamar yadda hantsi ke ɗumama mutum ko da iska na da sanyi. Ana amfani da ita a ɗakin haihuwa, ɗakin tiyata da sashen kula da jarirai marasa lafiya. Ta bambanta da kwalbar da ake saka bakwaini a ciki, wadda rufaffiya ce, iskar cikinta take ɗumamawa. A wannan na'ura kuwa likita ko ungozoma na iya kai hannu ga jariri ta kowane gefe.

Dalilin buƙatarta

Jariri yana fitowa jiƙe, kuma zafin jikinsa na zurarewa da sauri, musamman ta kai. Bakwaini ya fi shiga haɗari domin ƙarancin kitse a jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki zafin jiki na digiri 36.5 zuwa 37.5 a ma'aunin Celsius a matsayin daidai, ƙasa da 32 kuwa sanyi ne mai tsanani da kan iya kisa.

Tarihi

Asalin aikin yana komawa ga kwalba. Wajen 1880, likitan haihuwa Stéphane Tarnier na birnin Paris ya ga akwatin ƙyanƙyasar ƙwai a gidan namun daji, ya sa aka ƙera irinsa domin jarirai, ana ɗumama shi da ruwan zafi. Ɗalibinsa Pierre Budin ya ɗora a kai, ya nuna cewa yawancin ƙananan jariran da jikinsu ya yi sanyi ba sa rayuwa. Duk da haka an ɗauki shekaru ana barin bakwaini da ɗan sanyi, bisa zaton haka halittarsa take. A 1958 William Silverman da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar da cewa ɗan ƙarin ɗumi a kwalba yana rage mutuwa. Wannan bincike ya cancanci a tuna da shi, domin ya kawar da kuskuren da ya ci rayuka da yawa.

A 1963 Frederic Agate da Silverman suka bayyana hanyar ɗumama jariri da zafi mai sauka daga sama, wanda ke ƙaruwa ko raguwa bisa zafin fatarsa. Buɗaɗɗun gadajen sun fara shiga ɗakunan haihuwa wajen ƙarshen shekarun 1960, suka yaɗu a shekarun 1970, lokacin da aka fara yi wa jarirai ayyukan da ke buƙatar fili: sanya bututun numfashi, ƙarin ruwa ta cibiya, da farfaɗo da wanda bai yi kuka ba.

Ci gaban fasaha

Babban ci gaba shi ne sarrafa kai. Ana manna siririyar waya mai auna zafi a kan fatar cikin jariri, hita kuma ta bi abin da wayar ta faɗa mata. Idan wayar ta ɓamɓare, na'ura na iya ƙara wuta fiye da kima, shi ya sa aka sanya ƙararrawa. Samfuran baya-bayan nan suna baza zafi daidai a kan katifa ba tare da gasa kan ma'aikaciya ba, wasu na ɗauke da sikeli da kayan iskar shaƙa. Akwai kuma masu haɗa aiki biyu, irin su Giraffe OmniBed, da ke rufewa su zama kwalba. Kamfanonin Indiya sun fito da masu rahusa domin asibitoci masu ƙaramin ƙarfi.

Illar na'urar sananniya ce: ruwan jiki na ƙafewa ta fata fiye da a kwalba. Ana rage wannan da hula da kuma nannaɗe ƙananan bakwaini cikin leda mai tsabta. Kan wace ce ta fi tsakanin ita da kwalba, bincike bai yanke hukunci ba.

A Kaduna

Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen jarirai, kuma can ake tura bakwaini daga ƙananan cibiyoyi. Buƙatar ɗumi ta fi tsanani da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, musamman da asuba. Hitar na cin wuta sosai, don haka amfaninta ya rataya ga janareta ko sola mai ƙarfi. A gidaje an saba ɗumama ɗakin maijego da garwashi, amma hayaƙinsa a rufaffen ɗaki haɗari ne ga jariri.

Manna jariri a ƙirjin uwa

Wannan wata hanya ce ta ɗumama jariri, wadda ta samo asali a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, kuma ba ta buƙatar lantarki. Wani gwaji da aka wallafa a 2021, wanda aka gudanar a ƙasashe biyar har da Najeriya, ya nuna fara ta nan take yana rage mutuwar ƙananan jarirai da kusan kashi 25 cikin 100. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar fara ta da zarar an haihu, sai fa ga jaririn da ya kasa numfashi ko yake cikin halin rai-kwakwai, wanda shi na'urar ce ke karɓarsa.