Wai mene ne "Bizantin" da masu littafin almara suke ta ambata?

In kana bin littattafan almara na Turawa ko wasannin nan da ake zama a zagaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, mutum ɗaya yana jan labari ana jefa dais kamar na ludo, to dole ka taɓa cin karo da kalmar Bizantin. Su ne fa Rumawan da muka sani, na Suratul Rum, masu sarki Hirƙal da Annabi (SAW) ya aika wa wasiƙa. Babban birninsu Ƙustantiniyya, Istanbul ta yau, tun shekarar 330 har 1453 da Sultan Muhammad Alfatih ya ci ta. Su kansu ba su taɓa kiran kansu Bizantin ba, Rumawa suke cewa, masana tarihin Turai ne suka laƙaba musu sunan bayan daular ta faɗi. A Turanci yanzu in aka ce abu Bizantin ne ana nufin ya cika sarƙaƙiya da ƙulle-ƙulle.

Kuma gaskiya wannan ƙullin ne marubuta suke so. Fadarsu ba ta da tsayayyar dokar gado, duk wanda soja da fada da ƴan gari suka yarda da shi ya hau. Basil na farko mai kula da dawaki ne, a 867 ya sa aka kashe ubangidansa, sarkin lokacin, ya gaje kujerar. Justiniyan na biyu an yanke masa hanci a 695 don kar ya sake mulki, bayan shekara goma ya dawo abinsa ba hanci. Sarauniya Irin kuwa ɗanta na cikinta ta sa aka makantar a 797, abin ko daɗin ji babu. A 532 magoya bayan sukuwar keken doki, ƴan shuɗi da ƴan kore, suka haɗa kai suka kusa tsige sarki suka ƙone rabin gari. To mai jan labari a tebur me zai nema kuma, ya samu ƙungiyoyi, ya samu munafukan fada, ga kuma dogaran sarki da aka ɗauko haya daga ƙasashen Vikings, mayaƙan teku na can arewacin Turai mai ƙanƙara.

Marubucin almara Harry Turtledove digirin dakta ya yi a tarihin nan kafin ya gina duniyarsa ta Videssos a kansa, marubuci Guy Gavriel Kay ya sauya wa Ƙustantiniyya suna zuwa Sarantium a littafinsa na 1998, shi ma shahararren marubuci Tolkien da kansa ya kwatanta Gondor, wata masarauta a littattafansa, da Bizantin a wasiƙa. Ni dai abin da ya fi burge ni wutar Girka ce, wadda suke fesa wa jiragen ruwan abokan gaba tana ci ko a kan ruwa, sun ɓoye sirrin haɗa ta har ya ɓace, shi ya sa kowane marubuci yake haɗa tasa yadda ya ga dama.