Masu tara tsofaffin hedifon, ku ji tausayin kunnuwanku

Wani bawan Allah ya zo wajenmu a sashen duba kunne kwanakin baya, mutum ne mai sha'awar tara tsofaffin hedifon ɗin nan da ake kira electrostatic, kuma abin da ya kawo shi ya daɗe yana min yawo a rai. Wai sau biyu yana kai hedifon ɗinsa gyara saboda ɓangaren hagu ya yi sanyi, mai gyara ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, shi kuma ya dage, sai da aka ba shi shawara ya zo aka gwada shi aka ga ashe kunnensa na hagu ne ya fara ja da baya. Na tausaya masa wallahi, don mutum ne da sauraro shi ne jin daɗinsa.

Ga wanda bai san su ba, irin waɗannan hedifon ba maganaɗisu ke motsa su ba kamar na yau da kullum. Wata 'yar leda ce siririya sosai, gashin kai ma ya fi ta kauri nesa ba kusa ba, an sa ta tsakanin faranti biyu masu huji-huji, ana ba ta cajin lantarki sai ta riƙa kaɗawa tana fitar da sauti. Kamfanin Stax na Japan ne ya fito da SR-1 a 1960, Koss na Amurka ya biyo da ESP-6 a 1968, Sennheiser na Jamus kuma ya yi Orpheus a 1991 guda 300 kacal, shi ya sa masu tarawa ke rububinsa. Ni ma na taɓa sa irinsu a kunne, gaskiya sautin garau yake, har numfashin mawaƙi kana ji.

To a nan matsalar take fa. Ƙaramar sifika in ka ƙure mata murya sai ta fara karkarwa tana ɓata sauti, wannan ɓacin ne ke sa ka rage ba ka ma sani ba. Su kuwa waɗannan ba sa yi maka wannan gargaɗin, kana ƙarawa yana ƙara daɗi, ga shi yawancinsu bayansu a buɗe yake hayaniyar ɗaki na shigowa, sai ka sake murɗawa don ka danne ta, kafin ka ankara ka yi awa uku a ƙarar da in a masana'anta ne dole a ba ka abin toshe kunne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a sati a ƙarar desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), yaro kuma desibel 75. Da ka hau 90 ka koma awa 4 a sati gaba ɗaya, a 100 kuwa ko rabin awa ba ka da shi. Can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da gashi, kusan 16,000 a kowane kunne, su ke maida sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Abin takaicin ma siraran sautuka ne ke fara tafiya, wato daidai abin da ya sa ka nemi wannan hedifon tun farko.

In ka cire ka ji kunnenka na yin shuuu ko kamar an cusa maka auduga, ka wuce gona da iri ranar. Ka saurara a ɗaki shiru, ka fara daga ƙasa, duk awa ɗaya ka cire ka huta. In kuma ka ji gefe ɗaya ya yi rauni, kafin ka zargi na'ura juya ta ka sa na dama a hagu. Raunin in ya bi hedifon to shi ne, tsofaffin suna yin haka musamman in ƙura ko danshi ya shige su. In ya tsaya a kunne ɗaya, kai ne za a duba. Wanda ji ya ɗauke masa farat ɗaya a kunne guda kuma kada ya jira ko kwana biyu, ya nemi likitan kunne, maganin ya fi ci da wuri.

Sai batun wuta. Tsofaffin Stax na aiki da bolt 230, na baya-baya 580, kada ka haɗa tsoho da wutar sabo. Wutar da ke zuwa hedifon an taƙaita ƙarfinta, amma cikin amfilifaya, wato akwatin da ke ba hedifon wuta da sauti, daban ne, akwai kayan da ke riƙe caji ko bayan ka zare daga soket, don Allah ka bar wa wanda ya iya. Waya in ta tsattsage kada ka sa a kai, haka in gashinka da jiƙa.

Soson hedifon nan mai taɓa kunne ma da ya shekara 40 yana shan gumin mutanen da ba ka sani ba, a canja shi, muna ganin ƙaiƙayi da ƙuraje a bayan kunne saboda irinsa.