Shari'ar He Jiankui da gyaran ƙwayoyin halittar jarirai

He Jiankui masanin kimiyya ne ɗan ƙasar Sin, wanda ya sanar a watan Nuwamba 2018 cewa an haifi tagwaye mata da ya sauya wa ƙwayoyin halitta tun suna 'yan tayi. Lulu da Nana aka kira su, sunayen aro don ɓoye su. Su ne mutane na farko da aka sani an haifa da irin wannan gyara, wanda zuri'arsu ma za ta iya gada.

Tarihi

Fasahar da ya yi amfani da ita, CRISPR-Cas9, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier ne suka bayyana ta a 2012, suka kuma samu kyautar Nobel a 2020. Kamar almakashi take, tana yanke DNA a wurin da aka nufa. He Jiankui yana koyarwa a wata jami'ar Shenzhen lokacin da ya tara ma'aurata waɗanda mazajen ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, matan kuwa ba su da ita. Aka haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, ya lalata ƙwayar halittar CCR5, wadda ke samar da wata ƙofa da cutar ke bi ta shiga sel na garkuwar jiki, da nufin kare yaran daga kamuwa. Ana jin an haifi tagwayen a wajajen Oktoba 2018. Ya fara sanarwa ta YouTube, sannan ya kare kansa a taron masana a Hong Kong ranar 28 ga Nuwamba. An haifi jaririya ta uku a 2019.

Jami'ar ta kore shi a Janairu 2019. A ranar 30 ga Disamba 2019 kotu a Shenzhen ta ɗaure shi shekara uku, da tarar yuwan miliyan 3, bisa laifin aikin likita ba bisa ƙa'ida ba. An hukunta abokan aikinsa biyu. Ya fito a Afrilu 2022.

Muhawara

Yaran ba su da lafiya ne aka warkar da su? A'a, 'yan tayin ba su ɗauke da cutar, kuma wanke maniyyi ya isa hana su kamuwa daga uba. Shi ya sa masana da yawa suka ɗauki aikin a matsayin ƙara wa mutum abin da ba a halicce shi da shi ba, ba magani ba. Gyaran ma bai fita yadda aka tsara ba: bai yi daidai da sauyin CCR5 da wasu Turawa ke gado, mai ba su kariya daga cutar, ba, kuma akwai alamun bai shafi dukkan sel ba. An kuma soki yadda aka nemi amincewar iyayen. Wasu na ganin nan gaba za a iya halatta gyaran don cututtukan gado masu tsanani. Wasu sun ce masu kuɗi kaɗai za su amfana.

Doka

Yarjejeniyar Oviedo ta 1997 ta haramta gyaran da ake gadarwa a ƙasashen Turai da suka amince da ita. Gyaran da ya tsaya a jikin majinyaci daban ne: a ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, wani magani na irin wannan gyara, don cutar sikila, wadda ta fi yawa a Najeriya, a kan kuɗi dala miliyan 2.2 a Amurka.