Mene ne sinadarin tausasa roba, kuma me ya kai shi bakin teku?

Robar da ake kira PVC asalinta tauri gare ta, da ita ake yin bututun ruwa mai ƙarfi. Idan masana'anta na son ta yi laushi ta riƙa lanƙwasuwa, sai a zuba mata wani sinadari mai kamar mai, wanda ke shiga tsakanin ƙwayoyinta ya sassauta su. Shi ne sinadarin tausasa roba. Da shi ake samun tiyon ban ruwa, da rigar wayar lantarki, da ledar shimfiɗa a ɗaki, da jakar ƙarin jini ta asibiti. Dangin da aka fi amfani da su sunansu fitalet, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne DEHP. Ba ɗan kaɗan ake sawa ba: a wasu kayayyakin yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na nauyin robar.

Matsalar ita ce sinadarin ba ya haɗewa da robar, zama kawai yake yi a cikinta. Zafin rana da gogayya da daɗewa suna fitar da shi sannu a hankali. Shi ya sa tsohon tiyo ke bushewa ya tsattsage: abin da ke sa shi laushi ya fice, ya shiga iska ko ƙasa ko ruwa.

Daga nan ruwa ke ɗaukarsa. Ruwan masana'antu, da na magudanun gari, da wanda ke tsatsowa daga juji, duk kogi suke bi, kogi kuma teku ya nufa. A inda kogi ke shiga teku gudun ruwa yakan ragu, laka ta kwanta. DEHP ba ya narkewa sosai a ruwa, ya fi son manne wa ƙwayoyin laka, don haka tare suke nutsewa. A saman ruwa ƙwayoyin cuta kan rusa shi da ɗan sauri, amma can cikin taɓo inda babu iskar shaƙa yakan daɗe ƙwarai. Wannan taɓon kuwa nan ne tsutsotsin ruwa da kaguwa da dodon koɗi ke kiwo, kuma a irin waɗannan ruwaye marasa zurfi ƙananan kifaye ke girma. Abin ya taru a daidai wurin da rayuwar teku ta fi rauni.

Illarsa ba irin ta guba mai kashewa nan take ba ce. Wasu fitalet suna dagula sinadaran jiki masu tafiyar da girma da haihuwa. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna suna rage sinadarin maza, an kuma ga suna taɓa haihuwar kifi. An samu ɓurɓushinsu a kitsen manyan kifayen wel na Tekun Bahar Rum, da fitsarin dabbobin dolfin na gaɓar Sarasota a jihar Fulorida ta Amurka. Gaskiya ne jikin kifi na iya narkar da su, don haka ba sa taruwa daga ƙaramin kifi zuwa babban da ya cinye shi kamar yadda maganin ƙwari na DDT ke yi. Sai dai wannan bai kwantar mini da hankali ba, tunda kullum sabo na zubowa, dabbar ba ta samun hutu.

An ɗan taɓa doka. Amurka ta hana wasu fitalet a kayan wasan yara a 2008, Tarayyar Turai kuma daga 2020 ta taƙaita guda huɗu, har da DEHP, zuwa ƙasa da kashi 0.1 cikin 100 a yawancin kayan amfanin yau da kullum. Amma kayan da aka ƙera shekaru da dama suna nan a juji suna tsiyayar da nasu. Masu kwashe shara a bakin teku suna aiki mai kyau, sai dai hannu ba ya iya tsince abin da ya riga ya shige laka. Tare shi sai a masana'anta, da wurin tace ruwan datti, da juji, tun kafin ya isa kogi.