Me ya sa dattijo ba ya rabuwa da akwatin rediyonsa alhali yana da waya?

A gidaje da yawa an saya wa uba waya mai tsada, amma da an idar da sallar asuba sai ya jawo tsohon akwatinsa, ya zaro eriya. Ga amsoshin tambayoyin da 'ya'ya suka fi yi a kan wannan al'amari.

Tambaya: Labarin da ke rediyo ai yana cikin waya. Me ake nema a akwatin?

Amsa: Da farko lokaci. Shirin rediyo yana zuwa ne a sa'arsa, wanda ya makara ya rasa. Mutumin da ya shekara talatin yana jin labaran duniya bayan asuba da bayan isha'i ya riga ya tsara yininsa a kan waɗannan lokuta. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, sashen Hausa na DW a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Ke nan akwai gidajen da kaka da uba da jika duk da waɗannan tashoshi suka tashi.

Sai kuma zama tare. Waya ta mutum ɗaya ce, kowa ya sunkuyar da kai a kan tasa. Rediyo kuwa a tsakiyar tabarma ake ajiye ta, ko a teburin mai shayi, kowa ya ji abu ɗaya a lokaci ɗaya, ana gamawa a shiga muhawara. Wanda aka taɓa karanta katinsa a shirin zaɓi sonka, aka ambaci sunansa da na garinsu har makwabta suka zo suna ba shi labari, ba ya kallon akwatin a matsayin roba da wayoyi kawai. Makiyayi a daji da mai gadi da dare ma abokin hira suka ɗauke ta.

Tambaya: Har da ƙarar shuu ɗin nan ake so?

Amsa: Har da ita, kuma da dalili. Kama tasha a gajeren zango gwaninta ce: a murɗa a hankali, a wuce, a dawo baya kaɗan, har murya ta fito sarai. Hannun mai akwatin ya san inda kowace tasha take ko a cikin duhu. Abin da mutum ya sha wahala ya iya, yana jin nasa ne.

Muryar da ke tashi tana sauka ba lalacewa ba ce. Gajeren zango yana tafiya ne ta hanyar karo da wani sashe na sararin sama ya dawo ƙasa, kuma wannan sashe yana canzawa tsakanin rana da dare. Shi ya sa da rana mita 16 da 19 suka fi kamawa, da dare kuwa mita 31 da 41 da 49.

Tambaya: Akwatin mahaifinmu marigayi yana nan a ajiye. Mu kunna shi?

Amsa: Kada a yi gaggawa. A fara buɗe gidan batir. Abin da ya fi kashe rediyon da aka ajiye shi ne batirin da aka manta a ciki, ya zubar da ruwa ya cinye ƙarafan da ke riƙe shi. Idan batirin gama-gari ne mai araha, a goge wurin da auduga da aka tsoma a ruwan bekin soda kaɗan. Idan na alkalin ne, wanda ke barin farin gari, ruwan lemon tsami ya dace. A bari ya bushe sosai, a kankare tsatsa da lallausar sanfefa, sannan a sa sabon batir.

A guji jona masa kowace caja da aka samu. Manyan batura biyu bolt 3 ne, huɗu kuma bolt 6. Adafta mai bolt 12, ko wadda ɓangarorin + da − na kanta suka saɓa da na akwatin, tana iya ƙona akwatin nan take.

Tambaya: Yana kunnuwa amma yana ƙwar-ƙwar idan an murɗa ƙara.

Amsa: Ƙura ce a cikin abin murɗawar. Mai gyara zai fesa maganin wanke ƙarafan lantarki, ya murɗa shi gaba da baya sau da yawa. Man keke ko kananzir ɓata shi suke yi. Idan kuma allurar da ke nuna tasha ta daina tafiya, zaren da ke jan ta ne ya tsinke ko ya saki. A ɗauki hoton yadda aka naɗa shi kafin a cire, domin mayar da shi ya fi cirewa wuya.

Hayaniyar da ba ta yankewa sau da yawa daga ɗakin take fitowa: cajar waya, inbata, da ƙwan lantarki na LED marasa inganci. A fita da akwatin tsakar gida a gwada. A matsakaicin zango eriyar tana cikin akwatin, don haka akwatin kansa ake juyawa. Gajeren zango da FM su ne ke buƙatar a zaro eriyar waje.

Tambaya: Kuɗin gyara ya fi kuɗin sabo. Ba asara ba ce?

Amsa: Idan labari kawai ake so, sabo ya wadatar. Amma idan akwatin uba ne, a gaya wa mai gyara tun farko cewa kada ya canza jiki, ko abin murɗawa, ko sifika in dai tana aiki, domin sifikar ce ke ba da amon da kunnen mutanen gida ya saba da shi. Ƙyallen da aka ɗinka masa riga da shi, da alamar biro da aka yi a kan gilashin don gane tasha, a bar su yadda suke. Idan za a sake ajiye shi, a cire batir, a naɗe shi a wuri mara danshi, a riƙa kunna shi na 'yan mintuna duk wata biyu ko uku.