Karatun Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Jami'a: Yadda Yake a Sakkwato

Ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ɗalibai ke kira saikoloji, fanni ne da ke nazarin yadda mutum ke tunani, da abin da yake ji a ransa, da abin da yake aikatawa, ta hanyar lura da gwaji da aunawa. A jami'o'in Najeriya ana karanta shi a matakin digiri na farko, ko dai a matsayin kwas mai zaman kansa a tsangayar kimiyyar zamantakewa, ko a matsayin darasi a cikin karatun malanta da likitanci da aikin jinya. A gari irin Sakkwato, inda Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Buzaye da Yarbawa da Ibo ke cin kasuwa ɗaya, ɗalibin wannan fanni yana fama da wata tambaya tun shekararsa ta farko: cikin abubuwan da littafi ya ce halin ɗan Adam ne, wanne ne na kowa da kowa, wanne ne kuma al'adar mutanen da aka yi binciken a kansu kawai?

Asali da shigowarsa Najeriya

Ana ƙirga farkon fannin a matsayin kimiyya daga shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus. Daga nan ya bunƙasa a Turai da Amurka, kuma sunayen da ɗalibi ke haddacewa har yau daga can suke: Pavlov na Rasha da gwajinsa a kan karnuka, Freud na Ostiriya, Piaget na Suwizalan da matakan girman tunanin yaro. A Najeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen fannin a 1964, Jami'ar Legas ta biyo baya a 1969. Arewa ta fi saninsa ta ƙofar horar da malamai, domin duk wanda ya yi karatun malanta sai ya ɗauki darasin halayyar mai koyo da na girman yara.

Tsarin karatun

Digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, shekara uku ga wanda ya shiga kai tsaye da shaidar da ta fi ta sakandare. Ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke tsara ginshiƙin manhaja, kuma a sabon tsarin da ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta riƙe kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Wannan kashi 30 shi ne gurbin da malaman Arewa za su iya shigar da sanin al'ummarsu a cikinsa.

Sabon ɗalibi yakan zo da zaton za a koya masa karanta zuciyar mutane daga kallon fuska. Abin da ke tarbarsa shi ne lissafin ƙididdiga, da tsarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da dabarun bincike. Daga baya sai darussan koyo da tunawa, girman yaro har tsufa, halayyar mutum a cikin jama'a, rikicewar tunani, da gwajin basira. A shekarar ƙarshe kowa zai rubuta kundin bincikensa, kuma a nan ne karatun ke fita daga aji ya shiga unguwa.

Fagen karatun a Sakkwato

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato aka kuma sauya mata suna a 1988, tana ɗaukar ɗalibai daga kowane sashe na ƙasar. Ga kuma Jami'ar Jihar Sakkwato, da makarantar horar da malamai ta Shehu Shagari. Masu karatun malanta da ba da shawara, da ɗaliban likitanci da jinya, duk suna ratsawa ta wannan fanni. Wuraren ganin aiki ido da ido su ne asibitin koyarwa na jami'a da ke cikin birni, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, arewa da birnin.

Wanda bai san garin ba yakan ɗauka al'ummar Sakkwato iri ɗaya ce. Ko cikin masu jin Hausa akwai Gobirawa da Kabawa da Adarawa da Zamfarawa, kowa da tarihinsa da wasan barkwancinsa. Akwai Fulanin gida, kamar Torankawa da Sulluɓawa, da Fulanin daji masu bin dabbobi. Iyakar Nijar tana nan kusa a Illela, mutane na shiga da fita kullum. A benci ɗaya na ɗakin lacca za a iya samun ɗan Gwadabawa da ya yi allo kafin boko, da 'yar Zuru Kirista, da ɗan Ilori, da wanda aka haifa a Sakkwato iyayensa 'yan kasuwa ne daga gabas. Idan malami ya jefa tambaya a kan shekarun da ya kamata a yaye yaro, ko wanda ke da hakkin zaɓa wa budurwa miji, amsoshin da za su fito daga wannan benci kaɗai sun isa darasi.

Matsalar ma'auni

Binciken da Jeffrey Arnett ya wallafa a 2008 ya duba manyan mujallun fannin, aka ga kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu Amurkawa ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, alhali waɗannan ƙasashe kashi 12 ne kawai na mutanen duniya. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa waɗannan mutane sukan sha bamban da sauran duniya har a abubuwan da ake ganin na halitta ne, kamar yadda ido ke ruɗuwa da tsawon layi. Littafin da ke hannun ɗalibin Sakkwato a kan irin waɗannan bincike aka gina shi.

Kunyar ɗan fari misali ce da kowane Bahaushe ya sani. A gidajen gargajiya na Hausawa da Fulani uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ce ke riƙonsa. Wanda ya zo da ma'aunin shaƙuwar uwa da ɗa irin na littafi, ya zauna ya lura na awa ɗaya, zai iya rubuta cewa uwar ba ta damu da yaron ba. Bai ga yadda take zuba masa nama a kwano a ɓoye ba, bai kuma san cewa duk gidan sun fahimci kawaicin nata a matsayin mutunci ba. Wani nazari da Robert Marvin da abokansa suka wallafa a 1977 a kan jariran Hausawa ya nuna yaro yana shaƙuwa da masu reno fiye da ɗaya a gidan da mata ke da yawa. Haka batun sunkuyar da kai. Yaron da ya ƙura wa babba ido a Sakkwato ana ce masa marar kunya, amma a wasu takardun gwaji kauce wa haɗa ido alama ce ta matsala. Ga Bafulatani kuwa, ɓoye zafin ciwo da rashin nuna yunwa suna cikin fulaku, wanda ya tsaya a kan kunya da haƙuri da hankali. Mai aunawa da bai san wannan ba zai ɗauki juriya a matsayin rashin ciwo.

Akwai wani tsohon bincike da ya shafi Hausawa kai tsaye. A 1966 Robert LeVine ya wallafa nazarin da ya tattara mafarkan ɗaliban sakandare Hausawa da Yarbawa da Ibo, ya auna ƙwazon neman ɗaukaka a cikinsu, Hausawa suka zo a ƙasa. Shi da kansa ya danganta hakan da tsarin barantaka, inda biyayya ga ubangida ce hanyar ɗaukaka. Amma wa ya yanke cewa neman ɗaukaka kamanni ɗaya gare shi? Almajirin da ya bar garinsu shekara goma don ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, da falken da ya kawo goro daga Gwanja, ba za a ce ba su da himma ba. Ya dace a riƙa karanta wannan bincike a aji, don ɗalibi ya koyi tambayar ma'auni kafin ya karɓi sakamako. Anthony Kirk-Greene ya bi wata hanyar a 1974, inda ya tattara siffofin da Hausawa da kansu ke auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Harshe

Da Turanci ake koyarwa, da Hausa ake rayuwa. Ɗaliba mai kundin ƙarshe za ta ɗauko takardar tambayoyi da aka tsara a Amurka, ta juya ta zuwa Hausa. Ƙa'idar da Richard Brislin ya bayyana a 1970 ita ce wani ya fassara, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, sannan a gwada biyun. Ko an bi wannan, aiki bai ƙare ba. Kalmar da likitoci ke nufi da ciwon damuwa ba ta da takwara guda a bakin mutane. Wani zai ce baƙin ciki, wani ɓacin rai, wani yawan tunani, wata kuma za ta ce zuciyarta ce ke ciwo, ko kanta ke zafi, ko wani abu ke yawo a jikinta. Tun 1960 Raymond Prince ya rubuta a kan ɗaliban Najeriya da ke kukan zafin kai da gajiyar ƙwaƙwalwa lokacin karatu, wato damuwa ce da ke fitowa ta jiki. Sannan Hausar takardar sau da yawa ta Kano ce, tsohuwar da ake tambaya kuwa Sakkwatanci take yi.

Ga yadda abin yakan kasance. Ɗalibar ta nemi izinin mai unguwa, ta nemi na maigida, ta yi sallama ta shiga. Abokin karatunta namiji yana tsaye a zaure, domin gidan ba shiga. Ta durƙusa ta gaida tsohuwa, ta ce, "Inna, cikin makon nan kin ji ranki ya ɓaci?" Tsohuwa ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata, sai godiya." Takarda na son a zaɓi ɗaya cikin amsoshi biyar, daga ko kaɗan zuwa ƙwarai da gaske. Idan ɗalibar ta yi sauri, za ta cike ko kaɗan ta wuce gida na gaba. Idan ta zauna, ta sha ruwan da aka kawo mata, ta tambayi jikoki, ƙila can a tsakiyar hira tsohuwa ta ce rabonta da barcin kirki tun da aka kore su daga ƙauyensu. Kai ƙara a gaban baƙo ba ɗabi'ar mutanen nan ba ce, kuma musulmi yana gudun kada kukansa ya zama rashin godiya ga Allah. Wannan zaman haƙuri ba a cika ba shi maki a jarrabawa ba, alhali shi ke raba bayanan gaskiya da na cike takarda.

Addini da maganin gida

Kafin iyali su kai marar lafiya Kware, galibi sun riga sun bi ta wurin malami don ruƙiyya da rubutu, wasu kuma ta wurin boka ko 'yan bori, domin ana danganta taɓin hankali da iska ko sammu. Kiristocin garin su ma sukan fara da addu'a a coci. Ɗalibin da ya raina wannan zai rasa amincewar iyalin, wanda kuma ya miƙa wuya gare shi baki ɗaya zai bar mai farfaɗiya ko mai ciwon ƙwaƙwalwa ba magani. Najeriya tana da abin koyi a nan. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ana yi musu maganin asibiti, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya.

Nazarin zuciya ba baƙo ba ne a birnin Shehu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu a kan baƙin ciki da tsoro da waswasi da hanyoyin magance su. Imam Gazali ya yi dogon bayani a kan cututtukan zuciya kamar hassada da girman kai da fushi, kuma malaman jihadi, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, sun karantar da wannan a zaurukansu. A 1979 Malik Badri, masanin halayya ɗan Sudan, ya ja hankalin takwarorinsa musulmi a kan haɗiye ra'ayoyin Freud ba tare da tacewa ba. Bambancin da ɗalibi zai riƙe shi ne cewa wancan ilimin yana faɗin yadda ya kamata mutum ya zama, na jami'a kuma yana auna yadda mutum yake, yana neman hujjar da wani zai iya sake gwadawa.

Bayan digiri

Digiri na farko bai mayar da mutum mai duba marasa lafiya ba. Likitan ƙwaƙwalwa likitanci ya karanta, shi ke rubuta magani. Masanin halayya mai aikin asibiti sai ya ƙara digiri na biyu da horo a ƙarƙashin ƙwararru. Masu digiri na farko sukan shiga koyarwa, ba da shawara a makarantu, kula da ma'aikata, gidajen gyaran hali, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ko ƙungiyoyin agaji.

Buƙatar tana da yawa a jihar. Hare-haren 'yan bindiga a yankunan Sabon Birni da Isa da Goronyo sun raba dubban mutane da gidajensu. Matasa na fama da shaye-shaye, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin a 2018. A asibitin da ke cikin birni na yara masu ciwon noma, wato cutar da ke cin naman baki da fuska, yaron da aka gyara wa fuska yana buƙatar wanda zai taimaka masa ya koma cikin sa'o'insa. A watan Janairu 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi hakkin marar lafiya na a nemi yardarsa kafin a yi masa magani, da kare shi daga ɗauri da wulaƙanci.